Inci Goma Sha Uku a Bangon Yaya

Ni mai fenti ne, kuma babu wanda ya san asirin mai shafe kamar mai fenti. Mai gida zai shigo ya ga bango fes, ya yaba launi, ya juya ya tafi. Ni da nake bin bangon nan da buroshi, taku bayan taku, ni na san inda hannun mai shafe ya gaji, da inda ya yi ha'inci, da inda aka kira shi a waya ya bar siminti yana jiransa. Shekara talatin da ɗoriya ina bin bayan masu shafe, kuma yawancinsu sai na sha guga da sanfefa har yatsuna su yi zafi kafin in ɗora fenti. Mutum ɗaya ne a zamanin ƙarfinsa bangonsa bai taɓa neman sanfefa ba, shi ne mijin yayata.

A wurin aiki Sha-Takwas ake ce masa, kuma cokalinsa ne ya jawo masa sunan. Ba cokali mai tsinin nan da birkila ke ɗora bulo da shi nake nufi ba. Cokalin shafe faffaɗan ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, da mariƙi a bayansa, da shi ake bin bango a karo na ƙarshe a goge shi ya yi sumul. Girma-girma ne. Akwai inci goma sha ɗaya, sha uku, sha huɗu, sha shida, sannan babbansu, sha takwas. Mai koyo ƙarami ake miƙa masa. Yawancin waɗanda suka ƙware sukan tsaya a sha huɗu su gode wa Allah. Babban yana cin bango da yawa a ja ɗaya, kuma ba ya barin layi, amma fa jiki ne yake ji. Sai wuyan hannu da kafaɗa sun danne shi daidai daga wannan baki zuwa wancan, in ka yi sake kaɗan gefensa ya nutse ya yanka maka bango.

Abin dariyar, mijin Yaya ba wani ƙato ba ne. Gajere ne siriri, in ka gan shi a hanya ka ce mai gyaran agogo ne. Kafaɗarsa ta dama ce kawai ta fi ta hagu cika, har Yaya, da yake ita take ɗinka masa riguna, sai ta ƙara yatsa biyu a wannan ɓangaren. Amma in ya hau dandamali ya ɗora cokalin nan a bango, leburori kan ajiye kwano su tsaya kallo. Ja ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ya juya, ya sake ja, ƙarfen yana wani siririn kuka a kan siminti. Ba ya magana, ba ya amsa gaisuwa, sai ya kai kusurwa. Cokalin ya fi shekara ashirin a hannunsa, bakinsa ya cinye ya yi laushi. In an tashi aiki shi yake fara wankewa kafin hannunsa, ya naɗe shi a tsohon tawul, kuma ko ni ban isa in taɓa shi ba.

Mai Hoda yake kirana, wai su suke yin gini, mu mu zo mu shafa masa hoda.

"Mai Hoda, na gama, zo ka ɓata mini aiki."

"Ba don hodar ba, Maigida, wa zai kwana a kogon nan naku?"

In kuwa ya ga wani mai shafe da ƙaramin cokali, wannan ya shiga uku. "Kai, wannan na shafe ne ko na shan shayi? Mayar wa matarka kayanta." Kowa ya yi dariya, har da ni, kuma ni na fi kowa ɗaga murya.

Gidansa ɗaki biyu ne da wani siririn lungu da ya kai banɗaki, kuma shekara ashirin da shida bulo ne tsirara. Mutumin da ya shafe benaye da asibitoci da shaguna ba iyaka, nasa bangon in ka jingina sai ya ci maka riga. Kullum maganar ɗaya ce, sai ya samu sarari. Yaya ta yi magana har ta gaji, ta rataya labule da kalanda ta rufe abin da ya rufu. Takan ce mini, "Auta, ranar da ka ji mijin nan nawa ya shafe ɗakin nan, ka yi maza ka zo ka duba ni, ƙila na kusa tafiya." Shi kuma ya ce, "Tela, ke dai yi ɗinkinki, bango ba gudu zai yi ba."

Yaya ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, don haka a wurina uwa ce da sunan yaya. Tela ce, kekenta a bakin taga, kuma da wannan keken suka yi rabin ginin gidan, suka aurar da 'yarsu guda ɗaya. Ciwon suga ya kama ta tun tana da ƙarfinta, ta yi ta fama da shi ba ta ƙorafi. Da ya zo kan idanu, a hankali ya zo. Da farko sai an sa mata zare a allura. Daga nan ta fara haɗa baƙin yadi da shuɗi. Ranar da ta ɗinke hannun riga a wuya, ta rufe keken da zani, ba ta sake buɗe shi ba. Cikin shekara biyu hasken ya tafi gaba ɗaya.

Ba ta yarda a riƙa jan ta ba. Ta ce a gidanta ba za a yi mata jagora ba. Sai ta koyi bin bango da hannun dama, daga gado zuwa ƙofa, ta juya a bakin ƙofa, ta bi lungu har banɗaki. Taku goma sha bakwai ne, ita ta ƙirga ta gaya mini. To amma bulo ba ya da tausayi. Bayan yatsunta duk ya goge ya yi fari-fari. Da likita ya gani, sai ya haɗe rai ya dube mu, ni da mijinta, ya ce mai irin wannan ciwo rauninsa ba ya warkewa da wuri, ko ƙwarzane ne a jikinta abin tsoro ne, mu kiyaye. Da muka kai ƙofar gida, Sha-Takwas ya ce, "Zan shafe ɗakin."

Matsalar ita ce a daidai wannan lokacin kafaɗarsa ta fara ba shi labari. Ni na fara sani, tun kafin shi ya yarda. A wani bene ne, a bangon falo, na shafa tafin hannuna na ji layi. Na sake shafawa don ban yarda ba. Layi ne siriri inda gefen cokali ya nutse. Na tura ƙofa na rufe, na ɗauko sanfefa na goge shi kamar mai aikata laifi, kuma wallahi sai da idona ya cika. A aiki na gaba layi uku na samu. A na bayansa na daina ƙirgawa. Ya fara daɗewa a bango ɗaya, yana sauke hannu yana girgiza shi in ya ga ba a kallonsa. 'Yan kwangila ba su ce masa komai ba, sun dai fara mantawa da lambarsa.

Wata rana muna zaune a kan bulo muna shan shayi, na yi ƙarfin hali na ce, "Maigida, me zai hana ka sauko sha huɗu? Aiki ɗaya ne, kafaɗa kuma ta huta."

Ya ajiye kofin a hankali. "Wa ya ce maka kafaɗata ta gaji?"

"Ba wanda ya ce."

"To ka tsaya a hodarka."

Sati biyu bai yi mini magana ba. Ina jin haushinsa, amma na san abin da yake tsoro. Mutumin da aka shekara ashirin ana kira da girman cokalinsa, in ya sauko, da wane suna zai amsa?

Ranar Asabar muka kai Yaya gidan 'yarta don ta yi kwana uku, muka fitar da gado da keke, muka cire labule da kalanda. Ni ne mai kwaɓi, don ya ce ba ya son baƙo a ɗakin. Ya ce da dogon bango za a fara, wanda ya tashi daga kan gado zuwa ƙofa. Kafin in fito gida na aro ƙaramin cokali, inci goma sha ɗaya, a wurin wani abokin aiki, na ɓoye shi a ƙasan jakata.

Da farko komai ya tafi daidai. Muka jiƙa bulo, ya watsa siminti, ya ja dogon katako ya daidaita. Ya yi gumi fiye da yadda na saba gani, amma bai yi ƙorafi ba. Sannan muka zauna jira. Shafe yana da ɗan lokacinsa. In ka yi gaggawa simintin ya biyo cokali, in ka makara ya ƙi motsi. Yakan danna babban yatsa, in bai nutse ba kuma bai manne ba, to lokaci ya yi, kuma daga nan ba tsayawa sai ƙarshen bango. Ranar ana zafi, tsohon bulo kuma ya shekara ashirin da shida da ƙishirwa, sai ya riƙa zuƙe ruwan da sauri. Ya danna yatsa, ya miƙe, ya warware tawul.

Kashi ɗaya cikin uku na bangon ya fito kamar da. Har na fara cewa a raina ashe ni ne mai mugun zato. Sai ya ɗaga hannu zai ja daga sama, na ji ya yi wani ƙaramin sauti a maƙogwaro, cokalin ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ban taɓa ganin cokalin nan a ƙasa ba. Ya sunkuya ya ɗauka, ya sake ɗagawa, hannun ya ƙi wuce ƙirjinsa.

Na zaro wanda na ɓoye. "Maigida, don Allah ƙarasa da wannan. Ba shi da nauyi."

Ya dubi cokalin, ya dube ni. "A ɗakin matata? Shekara ashirin da shida tana jira, in zo in yi mata da cokalin shayi?"

"To bari in kira wani, yanzun nan zai zo."

"Wani ya shigo ɗakin matata ya yi mata shafe ina raye? Mai Hoda, kar ka sa in gaya maka magana."

Ya mayar da babban cokalin hannun hagu. Hagu ba ta san aikin ba. Duk ja ɗaya sai gefen ya nutse ya tayar da tudu, ya koma gyara wannan ya tayar da wani. Yana yayyafa ruwa, yana dannawa, yana cije leɓe, simintin kuwa ba ruwansa da taurin kan mutum, ya ci gaba da ƙamewa a gabanmu. Kafin rana ta karkata ya zama dutse. Kashi biyu cikin uku na bangon duk tudu ne da kaifi, wasu kamar bakin gwangwani. Ya zauna a kan kwano da aka kife, cokalin a cinyarsa, bai wanke shi ba. Ni na tattara kayan.

Ranar Talata aka dawo da Yaya. Tun daga ƙofa ta ce tana jin ƙamshin sabon siminti. Ta ɗora hannu daga wajen gado, inda ya yi kyau, ta bi shi, fuskarta ta washe. Sannan yatsunta suka kai tudun farko suka tsaya. Suka haye, suka kai na biyu, suka sake tsayawa. Ina kallon hannun, shi ma yana kallo.

"Kai, Maigida," in ji ta, "sumul kamar faranti. Allah ya saka da alheri."

Ya fita waje. Na bi shi na ce zan zo da dutse da sanfefa in kashe kaifin. Ya ce ba a taɓa sa wa bangonsa sanfefa ba, kuma ba a ɗakinsa za a fara ba, shi zai gyara da kansa in hannun ya saki. Na so in gaya masa gaskiyar gugar da nake yi wa aikinsa a bayan rufaffiyar ƙofa, na kasa. Na ce a raina bari ya huce, in zo ranar Asabar ko yana so ko ba ya so. Wannan jiran nawa ne, ba nasa ba, kuma har in mutu ba zan yafe wa kaina shi ba.

Ranar Alhamis kaifin ya yanke ta a yatsan tsakiya. Ɗan yanka ne, wanda ni a wurin aiki zan tsotse in ci gaba. Ta naɗe shi da ƙyalle ta ɓoye, don kar mijinta ya san bangonsa ne. Da na zo Asabar da sanfefata, yatsan ya kumbura ya yi baƙi. Aka kwantar da ita a asibiti. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, sati shida ana wanki ana allura, a ƙarshe suka ce in ba a cire yatsan ba hannun zai bi shi. Aka cire.

Ranar da aka fito da ita daga ɗakin tiyata, na same shi a barandar asibiti yana zaune a benci. Raina ya gama ɓaci. Na tsaya a kansa na ce, "Cokalinka ya ci yatsan yayata. Saura huɗu, ka je ka ba shi su ma." 'Yarsu ta riƙe mini riga tana cewa, "Kawu, don Allah." Shi ko ɗago kai bai yi ba. Da ya rama da na ji sanyi, amma bai rama ba.

Bayan kwana huɗu, da sassafe, na ji ana ƙwanƙwasa mini ƙofa. Shi ne, da tef ɗin awo a hannu. Bai gaishe ni ba, ya ce, "Zo ka riƙe mini wannan."

Ya kai ni lungun gidansu, inda bulon yake tsirara har yanzu, ya buɗe ƙofar banɗaki don haske ya shigo, ya ce in duba. Da farko ban ga komai ba. Sannan na gani. A jikin bulon akwai wani dogon tsiri da ya fi sauran duhu, ya miƙe daga bakin ƙofar ɗaki har banɗaki. Sawun hannun Yaya ne, na shekara biyu. Na sha wucewa ta nan, ni da nake taƙama da sanin bango, ban taɓa lura ba.

Muka auna a wuri biyar, daga inda duhun ya fara a ƙasa zuwa inda ya ƙare a sama. Hannunta yana ɗan hawa yana sauka, saboda ƙafar hagu da ciwon ya sa take ja. Inda ya fi faɗi, inci goma sha biyu ne da ɗan kai.

"Ka gani?" in ji shi. "Ba bango take nema ba, hanya take nema. Ni kuma na tsaya ina yi wa masu ido aiki."

Muka tafi shagon kayan gini inda ya saba. Mai shagon na hango shi ya miƙa hannu sama ya sauko da sha takwas, yana cewa, "A'a, yau tsohon ya mutu ke nan?"

"Mayar. Kawo ƙananan."

"Wa za ka koya wa aiki?"

"Kaina," in ji shi.

Mai shagon ya buɗe baki zai yi wasa, na yi masa ido, ya rufe. Ya jera sha ɗaya, sha uku da sha huɗu a kan tebur. Sha-Takwas ya ɗauki kowanne, ya tsayar da shi a tsaye daidai ƙirjinsa, ya ja shi a iska zuwa gefe yana ɗan takawa. Sha ɗaya ya yi masa sauƙi, amma ya ce ba zai rufe sawun ba, sai an ja sau biyu, kuma inda ja biyu suka haɗu dole a samu layi, a daidai inda yatsunta za su bi. Sha huɗu ya rufe, amma da ya danna shi a jikin tebur na ga fuskarsa ta motsa. Ya ajiye. Ya ɗauki sha uku, ya danna, ya ja, ya sake dannawa. Ya ce, "Wannan."

Sabon cokali ba a kai shi bango haka nan, bakinsa da kusurwoyinsa suna da kaifi, sai ya zana layi. Kwana huɗu yana zaune a ƙofar gida da dutse da kwanon ruwa, yana goga bakin ƙarfen a hankali, yana shafawa a kumatunsa ya ji ko ya yi laushi. Masu wucewa suna cewa, "Sha-Takwas, me ya kai ka wannan ɗan abin?" Ya ce musu aiki ne. Ni kuma na ɗauki guduma da ƙarfen sassaƙa na fasa tudun da ke cikin ɗaki, na kashe duk wani kaifi sama da ƙasa. Wannan karon bai hana ni ba, shi ya ma riƙa nuna mini inda na tsallake.

Ya ja zare biyu a bango, ɗaya sama ɗaya ƙasa, daga kan gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa banɗaki. Ya sa na tankaɗe yashi sau biyu. Na riƙa kwaɓawa kaɗan-kaɗan, rabin kwano, don kar siminti ya sake rigan mu. Tsayin daidai ƙirjinsa ne, ba sai ya ɗaga kafaɗa ba. Da ya danna yatsa ya ji lokaci ya yi, ya tsayar da cokalin tsakanin zaren biyu, ya fara takawa gefe-gefe yana ja. Na sake jin siririn kukan nan na ƙarfe da na daɗe ban ji ba. A bakin ƙofa, inda take dafawa ta juya, ya lanƙwasa kusurwar ya mayar da ita kamar bayan cokalin abinci, don kar ta samu abin da zai kama ta. Ya yayyafa ruwa ya sake bi, ya sake bi, har wurin ya fara sheƙi. Da ya gama na rufe ido na bi tsirin da tafin hannuna, taku goma sha bakwai. Ban ji komai ba sai sanyi. A duk bangon da ya yi a rayuwarsa babu kamar wannan, kuma ina faɗa ne a matsayin wanda ya taɓa su duka.

Aka sallamo Yaya, hannun a naɗe da bandeji, ta rame. Ba mu gaya mata komai ba. Ta zauna a bakin gado ta huta, sannan ta miƙe, ta ɗaga hannun a tsorace, ta taɓa bango da gefen ƙaramin yatsa. Ta tsaya. Ta shimfiɗa tafin gaba ɗaya. Ta laluba sama ta ji inda tsirin ya ƙare, ta laluba ƙasa ta ji. Sannan ta taka, ta juya a ƙofa, ta bi lungu har ƙarshe, ta dawo.

"Wannan ba babban cokalin ba ne," in ji ta.

"Ya aka yi kika sani, Tela?"

"Na san hannunka. Wannan ba don a gani ka yi shi ba."

Ya juya mana baya yana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ita kuma ta share ido da bandejin ta ce, "Amma Auta, ka ga rowar mutumin nan? Shekara ashirin da shida, ya ba ni tsiri ɗaya kamar bakin zani." Muka yi dariya mu uku, irin dariyar da ke fita da hawaye.

Wata goma sha huɗu ta yi tana bin hanyar nan, kuma ko ƙwarzane ba ta sake samu ba. Shi bai koma aikin kwangila ba. Yakan ɗauki ƙananan gyare-gyare a unguwa, bayan taga, bakin ƙofa, matakala, irin aikin da a da yake yi wa dariya, duk da sha ukun nan, kuma kafin azahar ya dawo gida don kar ta daɗe ita kaɗai. Babban cokalin yana ƙarƙashin gado da busasshen simintin ranar nan a jikinsa. Ciwon ya gangara ƙoda, kamar yadda likita ya ce zai iya yi. Wata safiya ta ce ba za ta iya tashi ba, kuma bayan kwana tara ta rasu, hannunta a cikin nasa. Allah ya jiƙan Yaya. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko da mahaifiyarmu ta rasu, don a lokacin ban san komai ba.

Bayan wata shida 'yarsu ta ce ba za ta bar Baba a cikin kango ba, za a ƙarasa shafen a yi fenti. Ya ce to. Ya bar wasu suka zo suka yi sama da ƙasa, yana zaune a kujera yana kallonsu, bai gyara wa kowa riƙon cokali ba. Abu ɗaya ya ce, kar wanda ya taɓa tsirin.

Ni na zo da fenti. Tsirin ya yi duhu yanzu, ya sha hannu, yana sheƙi. Na manna takarda a bakinsa sama da ƙasa, na bi sauran da rola. Da na kai bakin ƙofa, inda take dafawa kullum a wuri ɗaya kafin ta juya, na ga hannun ya fito sosai a jikin simintin. Ga tafi, ga babban yatsa, ga ɗaya, sai wani ɗan fili mai haske, sannan biyu. Na ajiye rolar na fita waje na daɗe.

Da na gama na cire takardun, ina wanke buroshi a bakin lungu, ya ce, "Mai Hoda, kar ruwan nan ya fallatsa mata." Na ce to, na ja bokitin gefe.

Ya tashi daga bakin gado zai wuce. Idonsa garau, ba abin da ya same shi, amma sai ya ɗora hannun dama a kan tsirin ya bi shi a hankali. A bakin ƙofa ya tsaya, ya lanƙwashe yatsansa na tsakiya, ya dafa daidai inda take dafawa, sannan ya juya.